Wa ya taɓa ɗora OpenWrt a kan ƙaramin ruta? Ku zo mu ji

Mai siber a Zongo: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohon ruta, wato na'urar raba intanet, ƙirar TP-Link TL-WR841N yana ajiye cikin kwali, wani yaro ɗan jami'ar André Salifou ya ce in sa masa OpenWrt, wata manhaja da ake ɗora wa ruta a madadin wadda ya zo da ita, zai farfaɗo. Kafin in taɓa, wanda ya gwada a nan Damagaram ya ba mu labari.

Mai gyaran waya, Kasuwar Dole: Wa alaikumus salam Malam. Juya shi ka karanta lambar samfurin da ke ƙasa tukuna. Yawancin 841 ɗin nan ma'ajiyarsu mega 4 ce, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) mega 32, kuma tun bayan fitowar OpenWrt mai lamba 19.07 masu manhajar suka daina yi wa irinsu sabo. Na sa wa nawa tsohuwar fitowar, ta hau lafiya, amma da na zo ƙara manhaja ɗaya tak ya ce babu wuri. Kamar ka zuba buhun hatsi a kwanon sha ne.

Ɗan Birni: Ni tsautsayi ya same ni a watan Afrilu. Ina tsakiyar ɗora masa, kuran ya tafi. Da wuta ta dawo, fitila ɗaya ce kawai ke ci, ba ya amsa komai. Kwana biyu ina zufa a kansa. Daga ƙarshe na ɓalle murfin, na liƙa wayoyi uku da dalma a kan allon, a wuraren da ake kira TX da RX da GND, waɗanda ta nan ruta ke magana da kwamfuta, na haɗa da kwamfutata, sai ga rubutu yana gangarowa a baƙin allo kamar mara lafiya ya buɗe ido. Ta TFTP, wata hanyar tura fayil daga kwamfuta zuwa ruta, na mayar masa da fayil ɗin manhajar. Tun ranar ba na ɗora komai sai ruta yana kan batir.

Malama a Garin Malam: Ɗan Birni sannu da wahala. Ni ƙanena ya kawo mini rutan GL.iNet ɗin nan rawaya da ake kira Mango, bai fi kwalin ashana biyu ba. Da OpenWrt ɗinsa yake zuwa, RAM mega 128, ma'ajiya 16, kuma volt 5 yake ci ta USB kamar waya. Abin da ya fi burge ni ke nan: in an ɗauke wuta sai in maƙala shi a fawa bank, in soka masa modem, yara su ci gaba da karatu a tsakar gida. Sai dai da zafin rana kada a bar shi kusa da kwanon rufi, nawa ya taɓa yin zafi har rezo ya riƙa yankewa.

Mai gyaran waya, Kasuwar Dole: Af, na manta. In ka gama ɗorawa ka ga babu Wi-Fi, kada gabanka ya faɗi, a kashe yake zuwa. Sa igiyar intanet tsakaninsa da kwamfuta, ka buga 192.168.1.1 a burauza, ka kunna shi a LuCI, wato shafin saitin OpenWrt, ka sa kalmar sirri. Ga mai siber kuma SQM, manhajar da ke raba layi daidai tsakanin masu amfani, ita ce maganin mutum ɗaya ya shanye layi da bidiyo sauran suna zaune, amma 841 ba shi da wurinta.

Mai siber a Zongo: Na juya shi, v9 aka rubuta. Malama, a ina ƙanen naki ya samo Mangon, nan ko Kano?