Ina zan samu filin siminti na ƙwallon guragu a Kano?

Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Ina horar da yara ƙwallo da yamma a Dorayi, to akwai yara uku da shan inna ta taɓa, kullum sai sun zo sun zauna bakin fili suna kallo har magariba, wallahi abin yana ci min rai. Sun iya ƙwallon guragu, wadda ake zama kan katako mai taya ana buga ƙwallo da hannu, amma filinmu rairayi ne zalla, tayar nutsewa take, ko motsi ba ta yi. Makarantun da ke da filin siminti kusa da mu ana tashi suke kulle get, maigadi ya ce sai da takarda daga sama. Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata kuma kuɗin adaidaita kullum ya fi ƙarfin iyayensu.

Wa ake rubuta wa takardar, hedimasta ko ƙaramar hukuma? Sannan akwai wani kurma a cikinmu, ba ya jin usur, masu horar da kurame tuta kuke ɗagawa ko yaya kuke yi?