Zakarun Duniya Ko Zakarun Amurka?

Ɗan Bronx: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana uku ke nan da na turo hotunan ziyarar da na kai filin Yankee Stadium, gidan ƙungiyar wasan besbol ta New York Yankees da ke unguwar Bronx a birnin New York, amma babu wanda ya ce uffan, alhali da Arsenal ce ta yi canjaras da tuni wayoyinmu sun ɗauki zafi. Shekara takwas ina hango filin nan ta tagar jirgin ƙasa mai lamba 4, ban taɓa shiga ba sai ranar Asabar. An zaga da mu Monument Park, can bayan katangar tsakiyar fili, inda aka jera lambobin rigunan da aka daina bai wa kowa, kamar 3 ta Babe Ruth da 4 ta Lou Gehrig, sannan aka shigar da mu ɗakin tarihi mai bango guda cike da ƙwallayen da 'yan wasa suka sa wa hannu. Da aka fara wasan besbol ɗin, sai 'yan kallon da ke kan bencina suka riƙa kiran sunan 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya, ba sa barin sunan mutum sai ya juyo ya ɗaga musu hannu. Maganata ita ce, mutanen nan sun fi kowa iya girmama tsofaffin 'yan wasa, shi ya sa ban yi mamaki ba da suka zama zakarun duniya har sau 27.

Kawu na Kumasi: Wa alaikumus salam. Ɗana, mun ga hotuna, Allah ya sa an dawo lafiya. Sai dai ina so ka faɗa mini ƙasashen da suka doke kafin su zama zakarun duniya, domin ni dai ban taɓa jin an ce sun je Japan ko Kuba sun ɗauko kofin nan ba.

Ɗan Bronx: Kawu, sunan gasar ke nan, World Series, kuma tun 1903 ake buga ta. Ba ni na raɗa mata suna ba.

Malamin Lissafi: Idan mutum ya sa wa ɗansa suna Sarki, ba shi ke nufin an naɗa yaron ba. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, 29 a Amurka, ɗaya tak a Toronto ta Kanada. Gasar besbol ta ƙasashe ta gaskiya kuwa, wato World Baseball Classic, Japan ce ta cinye ta a 2023, inda ta doke Amurka a wasan ƙarshe da ci 3 da 2.

Hajiya daga Yamai: Malam, a yi adalci. Shi Shohei Ohtani, ɗan wasan da ya yi wa Japan jifan ƙarshe a wasan nan, ai a gasar Amurka yake cin abincinsa, haka ma gwanayen Jamhuriyar Dominika da Benezuwela. Idan gwanayen duniya sun taru wuri ɗaya, wanda ya fi su duka me za a kira shi?

Malamin Lissafi: Hajiya, da wannan hujja sai mu kira zakaran Firimiyar Ingila zakaran duniya, tun da can ma gwanaye ke taruwa.

Yaya Babba: A bar Firimiya a gefe, domin wanda bai taɓa ɗaga kofin zakarun Turai sau 15 kamar Real Madrid ba, bai kamata ya sa baki a maganar duniya ba. Kuma ƙanena, ka manta ka gaya wa jama'a cewa rabon zakarun naka da kofin tun 2009, shekarar da aka buɗe wannan filin da kake ta yi mana alfahari da shi, kuma a World Series ta 2024 'yan ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles sun lallasa su a wasa huɗu cikin biyar.

Ɗan Bronx: Yaya, ban ce ni magoyin bayansu ba ne, maƙwabcinsu ne kawai. Batun girmama tsofaffin 'yan wasa na kawo. Lamba 42 ta Jackie Robinson, baƙar fatar da ya karya shingen wariyar launin fata a gasar besbol ta Amurka a 1947, tun 1997 aka jingine ta a dukkan ƙungiyoyin.

Kawu na Kumasi: Wanda ya zauna awa uku yana kallon mutum riƙe da gora yana jiran a jefo masa ƙwallo, ai ya wuce maƙwabci, ya zama ɗan gida.

Hajiya daga Yamai: Kawu, ba a kai awa uku yanzu, domin tun 2023 aka sa wa mai jifa agogo. Kuma ku da kuke kallon minti casa'in a tashi babu ci, ban ga bakinku na zancen ɓata lokaci ba.

Yaya Babba: Hajiya, ke ce kika fara kare su, yanzu kuma kin koma zagin ƙwallon ƙafa. A cikin filin nan nasu ma ƙungiyar New York City take buga ƙwallon ƙafa, ashe su ma sun san wasan da duniya take kallo.

Hajiya daga Yamai: Ban zagi kowa ba, kuma ina roƙon a daina sa mini magana a baki.

Shugaban Zaure: To, jama'a, a dakata haka. Abin da na fahimta shi ne kowa ya amince cewa kalmar duniya ba ta dace ba, kuma ƙwallon ƙafa ce kaɗai ke da kofin da ya cancanci wannan suna, kamar yadda Yaya Babba ya kawo hujjoji masu ƙarfi. Hajiya ta yi ƙoƙari, amma jama'a ba su gamsu ba. Ɗan Bronx kuma ya janye maganarsa, mun gode masa.

Ɗan Bronx: Ranka ya daɗe, ban janye komai ba. Ina roƙon wani ya buɗe hoto na bakwai, wanda na tsaya kusa da lamba 42, domin har yanzu wayata tana nuna mini mutum biyu ne kawai suka sauke shi, kuma Kawu da ya ce ya gani ba ya cikinsu.