Neman kalma: me za mu kira "neurone" da Hausa?

Ƴan uwa na Damagaram, ku taimaka mini da kalma. Jiya a Birni na zauna zan yi wa gwaggona bayanin farfaɗiyar jikanta, wadda mu nan muke ce wa borin jaki. Na ce mata: "Gwaggo, likita ya ce ciwon daga ƙwaƙwalwa yake, neurone ne ke..." Nan na tsaya cak. Ita kuwa kalmarta a shirye take: iska.

Abin da nake nufi shi ne ƴan halittun nan masu kai saƙo cikin ƙwaƙwalwa da laka, wajen miliyar 86 a ƙwaƙwalwar mutum guda. Da ɗan kuran suke aiki. In suka ɓarke da aika saƙo gaba ɗaya ba tsari, sai mutum ya faɗi yana shure-shure.

Wani malamin lakkol ya ce a bar shi "jijiya" kawai. Da fari na ƙi, don jijiyarmu jakar magori ce: ta jini jijiya, ta agara jijiya, har wadda mahauci ke cire wa nama. Amma fa Girkawa ma haka suka faro. "Neuron" a bakinsu agara ce, da ita ake kiran tsirkiyar baka. Sai a 1891 wani Bajamushe, Waldeyer, ya ɗora ta kan wannan halitta. Su ma arowa suka yi daga cikin gida, kuma ta zauna.

"Ƙwayar ƙwaƙwalwa" fa? Na gwada a fada, samari suka fashe da dariya, hankalinsu ya tafi ga ƴan ƙwaya. Ga shi kuma ba a kai kaɗai take ba, tana kaiwa har yatsan ƙafa.

Ni dai na tsaya a "jijiyar saƙo". Ta raba gari da jijiyar jini, kuma tsohuwa za ta gane ba tare da tafinta ba. Da ita za a iya cewa jijiyoyin saƙo sun mutu a ciwon shanyewar ɓarin jiki, ko sun daina jituwa a wani taɓin hankalin. Aibinta ɗaya na sani: ba ta bambanta ƙwaya guda da damin da suke haɗuwa su yi. Ko "silin saƙo" zai ɗauki guda ɗin, kamar silin gashi?

Gwaggo dai ta ce in jijiya ce, to a ci gaba da ba shi maganin likita, amma ba za ta fasa tofi ba.