Zuwa masallaci a ƙafa ya wadatar ga mai hawan jini da ciwon suga?

Mai_Shago: Assalamu alaikum. Mutum ne ɗan shekara 52, yana wuni a zaune a shago, ga hawan jini ga ciwon suga, kuma yana shan magani. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Zuwa masallaci sau biyar a ƙafa ya isa, ko sai ya ƙara? Me kuma ake gudu?

Ɗan_Asibiti: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ya danganta da nisa da kuma sauri. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mafi ƙaranci ke nan minti 30 a rana, kwana biyar, kuma ana iya rarrabawa. Matsakaici shi ne numfashi ya ƙaru, kuna iya magana amma ba ku iya rera waƙa. Tafiyar ƙasaita da tsayawa gaisuwa a kowace majalisa ba ta kai nan ba, don haka masallacin bakin layi bai isa ba. Ya zaɓi mai nisan minti goma ko sha biyar a asuba da isha, ya ɗaga ƙafa.

Idan aka dage, lambar sama ta awon jini kan sauka da kamar 5 zuwa 8. Sai an yi makonni ake gani, kuma in aka daina sai ta koma. Ba ya maye gurbin magani. In awo ya kai 180/110, a fasa ranar, a ga likita. Kada a tsaya cak bayan tafiya mai sauri: jini kan taru a ƙafafu, jiri ya kwashi mutum. A sassauta na minti biyar tukuna. Ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko duhun gani, a tsaya nan take, a nufi asibiti.

Anti_Nas: Ɓangaren sugan ya fi buƙatar kula. Tsoka mai aiki tana jan suga daga jini, shi ya sa tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin tuwo ko shinkafa take rage hawansa. Amfanin yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a jiki, don haka kada a jera fiye da kwana biyu ba a fita ba.

Haɗarin yana ga mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide, don sugansu na iya faɗuwa. A auna suga kafin fita. In bai kai 5.6 ba (100 ke nan a wasu na'urorin), a ɗan ci abinci tukuna. A sa dabino biyu ko uku a aljihu a ci in an ji alamun faɗuwar suga: rawar jiki, gumi mai sanyi ko yunwa ta farat ɗaya. Mai shan ƙwayar maganin suga ta metformin kaɗai ba kasafai hakan ke samunsa ba. Sannan ban da silifas: sau-ciki da safa, a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, domin mai suga kan ji rauni bai sani ba har ya zama gyambo.

Mai_Shago: Na gode ƙwarai. To ɗaga ƙarfe fa? An ce yana tayar da jini.

Koci_Zariya: Riƙe numfashi lokacin yunƙuri ne ke tayar da shi, Alhaji. A fitar da iska yayin ɗagawa, kuma a guji nauyin da sai an yi nishi. Kwana biyu a mako ya isa: tashi daga kujera a zauna ba tare da dafawa ba, sau 10 zuwa 12, zagaye biyu, tura bango da hannuwa, ɗaga jarka mai lita biyar. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, a fita bayan asuba ko bayan magariba, a sha ruwa. Da azumi kuwa a bari sai bayan buɗa-baki.