Ina kuka samo sunan da kuka sa wa 'ya'yanku?

Amaryar Bara, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Cikina ya shiga wata takwas, kuma na fari ne, maganar suna ta taso a gidanmu. Maigida ya ce in mace ce sunan mahaifiyarsa za a mayar, Hauwa'u, in namiji ne na mahaifina, Usman. Ban ƙi ba, iyaye sun fi ƙarfin haka. Amma tun ina Islamiyya nake son sunan Nusaiba, saboda labarin Nusaiba 'yar Ka'ab da ta tsaya tana kare Manzon Allah (SAW) ranar Uhudu. Ku da kuka riga ni, wa ya zaɓi sunan, daga ina aka samo shi, kuma yaya kuka ji daga baya? Sannan na lura yaran layinmu duk Afnan ne da Ilham da Hanan da Ayman da Sultan. Ina su Talatu da Ɗanlami suka shiga?

Hajiya Babba, Zariya

'Yata, Allah ya raba lafiya. Jikata ce ke rubuta mini. Sunana na yanka Maryamu, amma duk garin nan da Asabe aka san ni, don ranar Asabar aka haife ni. A zamaninmu mai jego ba ta da ta cewa. Ranar bakwai da sassafe maza su taru a ƙofar gida, a raba goro, liman ya yi addu'a ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya. Ni ina ɗaka, ana gasa mini jiki bayan wankan jego, a bakin maroƙi na ji sunan ɗana na fari. Har yau ban taɓa faɗin sunan nan da bakina ba, ɗan fari ne, akwai kunya.

Abin da nake kewa shi ne, da suna labari yake bayarwa. Kana jin Tanko ka san mata ya biyo, Kande kuma maza ta biyo. Gambo bayan tagwaye ya zo. Azumi a watan azumi, Sallau lokacin sallah, Anaruwa ana tsaka da ruwan sama, Cindo mai yatsu shida, Audi wanda uba ya rasu ya bar shi a ciki. Abokiyar zaman mahaifiyata ta yi ta wabi, ta haifa ya koma, ta haifa ya koma. Da ta sake samun namiji sai tsofaffi suka ce a kira shi Ajuji, wai a nuna ba a damu da shi ba ko ya zauna. Malamai sun ce wannan camfi ne, kuma gaskiyarsu, rai na hannun Allah. Amma duk wanda ya ji sunan ya san irin kukan da matar nan ta sha, kuma yakan tausaya mata. Ajuji ya rayu har ya ga jikoki.

Malamin Firamare, Katsina

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Malama Amarya, bari in faɗa miki abin da nake gani a rajistar aji. In na buɗe ta da safe, Aisha nake kira da Fatima da Khadija da Muhammad da Abubakar da Umar, kamar dai yadda malaminmu ya kira mu. Sai an fita tara kike jin Ilham da Afnan. Wato sunan yanka bai gusa sosai ba, laƙabi ne ya sake.

Dalilin kuwa alkunya ce. Matar da aka mayar wa ɗiyarta sunan surukarta ba za ta iya kiran sunan gatsal ba, dole ta sakaya. Iyayenmu da Inna da Iya da Baba suka sakaya. Namu zamanin Abba da Ummi da Mama. Daga baya Walida da Khalifa da Amira suka shigo. Yanzu tunda uwa ce ke zaɓen sunan sakayawa, kuma tana da waya a hannu, tana karanta littattafan hikaya, tana da ƙawar da ta dawo daga Umara, sai ta ɗauko wanda ya yi mata daɗi a kunne. Ta wannan ƙofar yawancin sababbin sunayen suka shigo.

Haka laƙabin da ke tafe da suna. Da kowane Abubakar Garba ne ko Habu, yanzu Sadik. Aisha ta tashi daga Indo da Shatu ta koma Humaira, Fatima daga Binta zuwa Zahra, Hauwa'u daga Kulu zuwa Jidda, Aliyu ya zama Haidar, Ibrahim ya bar Iro ya koma Khalil. Usman ne dai har gobe Shehu, albarkacin Shehu Ɗanfodiyo. Shawarata, in mace ce a sa Hauwa'u, ki riƙa kiran ta Nusaiba, kowa ya samu nasa.

Amaryar Bara, Kaduna

Na gode Malam, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Hajiya, labarin Ajuji ya sa ni hawaye.

Ɗan 76, Kano

Ni Murtala ne, kuma da na faɗa kowa ya san shekarata. An kashe Janar Murtala Ramat Muhammed ranar 13 ga Fabrairu 1976, ni kuma aka haife ni makonni kaɗan bayan haka. Mahaifina ya ce mini da sunan kakana ya yi niyya, amma da aka kawo gawar Kano ya ga yadda gari ya girgiza, sai ya sake shawara. A ajinmu na firamare in malam ya ce Murtala, sai ka ga kawuna sun juyo ta ko'ina, dole ya haɗa da sunan uba.

Irin wannan yayin na ga zuwansa sau da dama. Lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991 aka yi ta sa Saddam. Bayan 2001 Usama ya yi yawa, ko da yake sunan sahabi ne tun asali, Usama ɗan Zaidu. Da aka kashe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a 2007, a danginmu kaɗai an samu Ja'afar fiye da ɗaya. A 2015 kuma Buhari. Ni ina alfahari da nawa. Amma ƙanina ya sa wa ɗansa sunan wani ɗan siyasa da yake yi wa hidima, cikakken sunan har da na garinsu, ba a rufa shekara biyu ba suka ɓata. Yau yaron na sakandare, uban ba ya son jin sunan, ya koma kiran sa Abba. Ban ga laifin mayar da sunan malami ko shugaba ba, sai dai na wanda yake raye yana neman kujera, a yi hattara.

Ummu Abdallah, Sakkwato

Ƙanwata ta tsinci wani suna a Facebook, an rubuta wai sunan wani fure ne a Aljanna. Mijinta ya kai wa malamai biyu, duk suka ce ba su san kalmar a Larabci ba. Allah ya taimaka kafin ranar suna ne, sai aka sa Asma'u. Mu nan ba ma rasa Nana Asma'u a kowane gida, 'yar Shehu ce, malama mai waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ita ta kafa 'Yan Taru masu karantar da mata. Don Allah a riƙa tambaya. Ko kalma na cikin Alƙur'ani ba shi ke sa ta dace da suna ba. Afnan dai tana cikin Suratur Rahman kuma ma'anarta mai kyau ce, amma ba duka ba. Manzon Allah (SAW) da kansa ya sauya wa mutane suna, kamar Barra da ya mayar Zainab, kuma ya ce mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman. Wannan hadisin ya sa na roƙi maigidana sunan ɗanmu, ya amince.

Ɗiyar Maraɗi

Mu a Nijar matsalarmu rubutu. Ni a takardar haihuwata Aïchatou, da rubutun Faransanci, mijina Bakatsine ne yana rubuta Aishatu, ɗiyarmu kuma da ta fara wayo ta koma rubuta Khadeejah alhali Hadiza aka sa a takardarta. Da ta zo cike takardun jarrabawa sai da muka yi ta kai-komo ana gyara. Duk sunan da kuka zaɓa, ku tsayar da rubutu ɗaya tun ranar farko, kuma sunan yanka za a kai makaranta. A wajenmu har yanzu Nana da Mahaman na gaba da kome, Nana Hadiza, Mahaman Sani, Mahaman Lawali.

Ɗan Zango, Kumasi

Abin da ke ba ni takaici, maƙwabtanmu Asante ba su yar da sunayen rana ba. Kofi ɗan Juma'a ne, Kwame ɗan Asabar, kuma Kofi Annan da Kwame Nkrumah da su suka zaga duniya. Mu kuwa mun fara jin Ɗanjuma da Jummai kamar na ƙauye. Ɗiyata ranar Alhamis ta zo, sunanta Rukayya, na ce a gida Lami za a kira ta. Mamanta ta yi ta ɓata rai, yanzu ita ta fi kowa kiran sunan.

Maman Godiya, Wusasa

Sannunku. Ni Kirista ce, Hausa muke yi a gida da coci. Muna da Bulus da Bitrus da Ishaya da Rifkatu da Saratu daga Littafi Mai Tsarki, muna kuma da na Hausa zalla, Alheri, Murna, Haƙuri, Godiya. Yayin da ya same mu shi ne na Turanci, matasa sun koma Favour da Precious da Miracle. Na daɗe ban samu haihuwa ba, har dangin miji sun fara magana. Ranar da aka miƙo mini yarinyar nan a asibiti, abin da ya fara fita bakina shi ne na gode Allah. Babanta yana tsaye a gefen gado ya ce to sunanta ke nan. Kakarta da ba ta jin Turanci tana kiran ta ba tare da ta karya harshe ba, wannan ma ya ishe ni daɗi.

Maman Uku, Gusau

Malam na Katsina, ka yi haƙuri, ban yarda da shawarar ba gaba ɗaya. Na bi ta har sau biyu. Ta fari sunan surukata, na biyu sunan surukina. Laƙabin da na sa musu iyakarsa ɗakina, dangin ubansu Hajiya da Alhaji suke ce musu, kuma in na tsawata wa yarinyar a gabansu sai a ce ina yi wa uwar mijina faɗa. Wasa ne, amma yana hana tarbiyya, don yarinya ta gane tana da masu tsaya mata. Sannan Nusaiba suna ne cikakke na sahabiya, bai kamata ya tsaya a laƙabin da ba ya shiga takarda ba.

A na uku na zaunar da maigida tun ciki na wata shida, na ce wannan karon ina roƙon a bar mini. Ya yi shawara da mahaifiyarsa, ita ce ma ta ce ai an yi musu kara ta isa. Na sa Sumayya. Amarya, in kin bar wa surukarki na farin, ki nemi alkawarin na biyu tun yanzu, a gaban wani babba. Kuma kada ki bari sai kin haihu, don maza da yawa tun a asibiti suke yi wa jariri huɗuba da sunan, kafin ki dawo hayyacinki an riga an sanar da dangi a waya.