Harafi ɗaya, fuska da yawa: me za mu kira "glyph" da Hausa?

Jama'a, ina neman kalma. Masu kwamfuta sun raba abu biyu da mu muke haɗewa a "harafi": wanda na'ura ke ajiyewa da lamba, da kuma wanda ido ke gani a allo. Na biyun suke ce wa "glyph". Wanda yake ganin raba su ɓata lokaci ne, ya leƙa rubutun Mongoliya.

Rubutun nan daga na mutanen Uyghur na da aka aro shi, zamanin sarkin Mongol Genghis Khan, wajen 1204. Daga sama yake gangarowa ƙasa, layukan kuma su jeru daga hagu zuwa dama. Ƙasar Mongoliya ta koma haruffa irin na Rasha a shekarun 1940, amma Mongol na cikin Sin ba su sake shi ba. Daga Janairun 2025 gwamnatin Mongoliya ma ta fara haɗa rubutun biyu a takardun hukuma.

Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a na'ura, ta shigar da rubutun Mongol a 1999, a bugu na 3.0, daga lamba U+1800 zuwa U+18AF. A nan gizo ke saƙar: da sauti aka bi wajen raba lambobin, ba da kamanni ba. Wasalin o yana U+1823, wasalin u yana U+1824, amma a allo ba ka bambanta su, a farko ne ko a tsakiya ko a ƙarshe. Haka ö da ü. Baƙaƙen t da d su ma sukan fito iri ɗaya. Sai mutum ya danna o a gurbin u, kalma ta fito sumul, mai karatu bai ga komai ba, amma in aka nemi kalmar a na'ura ta ce babu ita. Harafi biyu, "glyph" ɗaya.

Akasin haka kuwa wanda ya yi makarantar allo ya san shi: mim jaye, ha kuri, harafi ɗaya ne yake sauya kama gwargwadon inda ya faɗo. Sai dai a ajami matsayi da maƙwabci sun isa su gaya wa na'ura wadda za ta fitar. A Mongol ba su isa ba. Baƙin g, alal misali, kamarsa na sauyawa da irin wasulan da ke kalmar, waɗanda nahawunsu ke kira na miji ko na mace. In na'ura ta kasa cankowa, sai a cusa wata ɓoyayyiyar alama bayan harafin ta tilasta masa. Uku ne da farko, U+180B zuwa U+180D, aka ƙara ta huɗu a 2021.

To, ga abin da aka kawo mini zuwa yanzu.

"Siffa" ita ta fara zuwa bakin kowa, amma malaman nahawu sun riga sun kama ta. "Sura" daidai take a ma'ana, sai dai "surar harafi" a kunnen Bahaushe Alƙur'ani take tunowa. "Zane" ya yi faɗi, har taswira zane ce. Wani ya ce a bar shi "gilif" a huta. Allah ya huci zuciyarka, Malam, aro ba haramun ba ne, amma wannan bai gaya wa ɗalibi komai ba.

Ni na tsaya a kan "zubi". Muna cewa zubin waƙa, muna cewa wane zubin babansa ne. Kamannin da abu ya fito da su ke nan, ba shi kansa abin ba. Gwada: "O da u harafi biyu ne, zubinsu ɗaya." "G harafi ɗaya ne mai zubi da yawa." Ba tuntuɓe. Ita kuma ɓoyayyiyar alamar sai ta zama "mazaɓin zubi", abin da na'ura ke ajiyewa kuwa "lambar harafi".

Ƙorafi ɗaya na ji mai nauyi: zubi ai na adashi ne. Gaskiya ne, amma ba wanda zai ga "zubin harafi" ya tambayi uwar adashi. Jam'in ne ya rage, don "zube-zube" bai yi mini daɗi ba. Kafin malaman Hausa su yanke, "ire-iren zubi" nake rubutawa.