Ciwon dajin hanji ya kai wa maigidana hanta, mu yarda a yi aikin?

Saƙon da aka turo wa admin

Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shawara nake nema daga likitocin zauren nan da duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan ciwo.

Maigidana shekararsa 47. Ya daɗe yana ganin jini a bayan gida ana ce masa basir ne, sai da aka leƙa hanjin da na'ura aka gano ciwon daji ne a babban hanji. An yi masa aiki an yanke wurin, aka ce ya taɓa kaluluwar da ke kusa, don haka ya yi kemo na wata shida. Ya murmure har ya koma kasuwa. Yanzu shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan, gwajin jinin nan na CEA, wanda ake bibiyar ciwon daji da shi, ya hau zuwa 18, aka yi hoton CT aka ga ƙari biyu a ɓangaren dama na hantarsa, babban santimita 3. Huhunsa lafiya lau.

Likitansa ya ce akwai yiwuwar a yanke wurin. To amma gida ya rabu biyu. Hajiyarsu ta ce ba da yawunta za a sake buɗe shi ba, daji in ya ji ƙarfe bazuwa yake, hujjarta kuwa ga aikin farko nan an yi, ga shi ya ɓulla a hanta. Ƙannensa kuma sun ce a sayar da fili a tafi Indiya. Na san rai a hannun Allah yake, amma ina so in sani: wanda ciwon ya kai wa hanta, aiki yana yi masa amfani da gaske, ko wahala kawai za mu ƙara masa? Ku faɗa min gaskiya ko da ɗaci.

Wata 'yar'uwa

Allah sarki. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Wani likitan fiɗa a zauren

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ban ga hotonsa ba, saboda haka abin da zan faɗa ba zai maye gurbin likitansa ba, amma zan ba ki amsar da kika nema.

Eh, aikin yana amfani. Dajin babban hanji yana cikin 'yan kaɗan da ko sun kai hanta ana iya yankewa da niyyar warkarwa. A manyan cibiyoyin Turai da Amurka, cikin mutum 100 da aka yanke musu ƙarin hanta irin wannan, wajen 40 zuwa 50 suna raye bayan shekara biyar. Waɗanda kemo kaɗai suka samu, da wuya su wuce 10 cikin 100. Kusan ɗaya cikin biyar ko shida na waɗanda aka yi wa aikin suna kai shekara goma, wanda ya kai nan kuwa galibi ya rabu da ciwon. Sai dai a yi adalci wajen karanta waɗannan alƙaluma: waɗanda ake zaɓa a yi wa aiki dama su ne masu sauƙin ciwo. Ga kuma ɗacin da kika ce a faɗa miki: kusan biyu cikin uku ciwon yana dawo musu, yawanci cikin shekara biyun farko. Ko ya dawo, in a hanta ya tsaya, sau da yawa ana sake yankewa ko a ƙone shi.

Maganar Hajiya, a girmama tsoronta, uwa ce. Amma ba wuƙa ce ta kai ciwon hanta ba. Kusan duk jinin da ya baro hanji sai ya bi ta wata babbar jijiya ya shiga hanta kafin ya wuce zuciya, hanta ce rariyarsa. Ƙwayoyin ciwon sun riga sun bi wannan hanya sun maƙale tun kafin aikin farko, ƙanƙantarsu ce ta hana hoto ganinsu a lokacin.

A 1999 likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York sun bi diddigin majinyata 1,001 da aka yi wa wannan aiki, suka fitar da abubuwa biyar da ke nuna haɗarin dawowar ciwon: ya taɓa kaluluwa, ya ɓulla a hanta kafin shekara ta cika da gano na hanjin, ƙarin ya wuce ɗaya, akwai wanda ya haura santimita 5, sai CEA sama da 200. A bayaninki biyu kawai na gani a jikin maigidanki. Wannan yana ajiye shi cikin waɗanda ake kyautata wa zato.

Ita hanta tana tofowa. Mai lafiyayyar hanta ana iya cire masa kusan kashi 70 cikin 100, ragowar ta girma cikin makonni. Wanda ya sha kemo ana so a bar masa aƙalla kashi 30. Ƙari biyu a gefe guda, in ba su manne wa manyan jijiyoyi ba, mai yiwuwa ɗan wurin kawai za a ɗebe. Ƙarin da bai wuce santimita 3 ba ma akan iya ƙone shi da allura mai zafi, kuma wani babban bincike da aka yi a Holand ya nuna a irin wannan girman ƙonawar ba ta gaza yanka ba.

Wani ɗan'uwa

Ni dai shawarata a gwada na Musulunci tukuna. Akwai masu haɗa magani na ganyen ɗaci da habbatus sauda, mutane suna dacewa. Ba komai ne sai an yanka mutum ba.

Wata ma'aikaciyar jinya

Malam, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma wannan shawarar tana ci min rai, don ina ganin ƙarshenta a ɗakin da nake aiki. Mutum ya zo da ƙari biyu ana iya cirewa, ya tafi shan jiƙo wata huɗu, ya dawo da ido rawaya da ciki a kumbure, likita ya ce lokaci ya wuce. Addu'a da zamzam da sadaka, a yi ta yi ba dare ba rana. Amma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, hantar ce ke tace su, ita kuma ake lallaɓawa don ta ɗauki aiki.

Maman yara, abin da ke hannunki yanzu shi ne jikinsa. Ya ci ƙwai, kifi, wake, nono, ya riƙa tattaki kullum ko zuwa masallaci ne da ƙafa. Ku fara shirya 'yan'uwan da za su ba da jini tun yanzu. Bayan aiki akan yi kamar mako guda a asibiti, ƙarfi kuma sai ya ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin ya dawo.

Wani da ya yi jinyar mahaifinsa

Mu mun bi hanyar da ƙannensa ke faɗa. Mahaifinmu mun kai shi waje ta hannun dillali, aka yi aikin lafiya, kafin shekara ciwon ya dawo, ya kama huhu. Allah ya yi masa rasuwa. Ban ce kada a yi aiki ba, don nasa ƙarin ya fi shida kuma ya kama gefe biyu, ba irin na mijinki ba ne. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne duk abin da muke da shi ya tafi a tafiyar, da ciwon ya dawo kuɗin kemo ya gagare mu. In za ku sayar da fili, ku raba kuɗin, ku ajiye na bayan aiki. Kuma kada kowa ya hau jirgi sai an tura faifan hoton, likitan da zai yi aikin da kansa ya gani ya rubuto abin da zai yi da farashinsa.

Mai neman shawara

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na gode muku ƙwarai, wallahi yau na samu na ci abinci. Likita, abu biyu na manta. Tun kafin aurenmu an ce yana ɗauke da cutar hanta ta B amma ba ta taɓa damunsa ba. Sannan an ce wataƙila a fara da kemo kafin aikin, shi kuma har yanzu yatsunsa a sage suke tun na farko.

Likitan fiɗa

Gara da kika faɗa, duka biyun suna da muhimmanci. Cutar hanta ta B tana iya kwanciya shekaru, kemo ya tashe ta. A auna yawan ƙwayar a jininsa, a duba ko hantar ta fara tauri, a ɗora shi kan magani irin tenofovir ko entecavir kafin a fara komai. In hantar ta yi tauri, abin da za a bar masa sai ya kai kashi 40, wannan yana iya sauya tsarin aikin gaba ɗaya.

Sagewar yatsu aikin oxaliplatin ne, maganin da ke cikin haɗin kemo na FOLFOX. A gaya wa likitan daji, akwai wani haɗin mai irinotecan da ba ya taɓa jijiyoyin yatsu haka. Ko a fara da kemo ko a wuce tiyata kai tsaye, ba hukuncin likita ɗaya ba ne. Ku nemi a zauna a kan fayil ɗinsa: likitan fiɗar hanta, likitan daji da mai karanta hoto. Ku tambayi wanda zai yi aikin sau nawa yake yanke hanta a shekara, kuma akwai ɗakin kulawa ta musamman da isasshen jini? Ba rashin kunya ba ne. A hannun waɗanda suka saba, mutuwa sanadin aikin ba ta kai 5 cikin 100 ba, a hannun wanda bai saba ba lissafin daban ne. Amsar da kuka samu ita za ta nuna ko a gida za a yi ko sai an fita.

Ku nemi a yi MRI na hanta, ya fi CT ganin ƙananan ƙari. Naman da aka yanke a aikin farko kuma a gwada shi a ga alamomin ƙwayoyin halittar ciwon da ake kira KRAS, BRAF da MSI, don su ke nuna maganin da zai karɓe shi. Binciken da likitocin Ile-Ife suka fitar a 2021 ya nuna nau'in MSI ya fi yawa a majinyatan Najeriya fiye da na Amurka, kuma irinsa yana jin maganin da ke zaburar da garkuwar jiki. Ƙannensa da ke maganar Indiya su ma su je a leƙa hanjinsu, tunda ya kamu da ƙuruciya, duk wanda ya kai 35 a cikinsu ya fara shiri. Ranar ganin likita ta gaba ku tafi da Hajiya, a nuna mata hoton da idonta, kuma kada ranar ta wuce mako biyu daga yau.